Abin da Ke Bayan Silin

Da ruwa ya ja baya a Goronyo
muka jawo jirgin Baba kan yashi,
muka tokare shi da kututture biyu
kamar tsohon da aka zaunar za a yi wa aski.

Rumfar ce ta dame ni.
Silinta ya yi ciki, ya sauko,
mai tsawo sai ya duƙa, gajere ya yi hattara.
Wata mai kai albasa kasuwa ta rantse
ya zuba mata gari a kallabi,
kuma ba na dawa ba.

Arzika kafinta ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da yatsa,
ya ce, "Wanga ba gyara shika so ba, likkafani."
Ya faɗi kuɗin falanki, na yi dariya.
Ya faɗi kuɗin hannu, na daina.
Na ari gudumarsa, na ce ya gaida gida.

Aikin rigingine ne.
Baya kan benci, hannu sama, wuya a sage,
kwano na gasa ni kamar kifi kan waya.
Kowace ƙusa sai ta bar kanta a hannuna
ta ƙi ba da jikinta.
Abin da shekaru suka ajiye ya dinga zubowa:
gidan zanzaro, ɓawon ƙwan tsaka,
ƙugiya mai tsatsa, kwabo mai huji,
da garin gara, wanda ya san hanyar ido
fiye da kwalli.

Da allo na uku ya faɗi
na ga rubutu a jikin katakon tsakiya.
Fensir ne, ajami, hannun Baba
mai karkata kamar jirgi ya ɗau kaya gefe guda.

Modi na Takakume, ƙetare biyu.
Ige da ɗiyanta, uku.
Mai jaki, ɗaya, jakin ma ɗaya.
Suna bisa suna har katako ya ƙare,
kowanne an ja masa layi a tsakiya.

Na san Modi.
Bai taɓa biyan kowa ba, har ya koma ga Allah.
Ashe Baba ne ya soke su da kansa,
ya kawo falanki ya rufe,
kada wani cikinmu ya taso da takarda
ya bi gidajen mutane.

Can lungu, wajen injin, saura layi ɗaya
da fensir bai ratsa ba:
Nomau, kwano huɗu, wurin Tambari.
Sunansa ne. Kwanon kuwa
shi ne wannan da ke gasa min fuska.

Na sauka ban karkaɗe riga ba.
Tambari ya daɗe da rasuwa, ɗansa ke shagon.
Ya ce shi bai san zancen ba.
Na ce katako ya sani.
Muka yi ta ja, ni ina turawa, shi yana maidowa,
har ya karɓi farashin wancan zamani,
abin da yau ba zai sayi ƙusa mudu ba.

Kuɗin falanki dai babu.
Gwaggo Hantsi ta saƙa min tabarmin kaba uku,
na cusa buhunan algarara tsakani saboda zafi,
na danne da tsagin gora.
Guduma ta sami babban yatsana sau biyu.
Gefen hagu ya ɗan karkace. Na bar shi.

Kafin in ɗaga tabarma ta ƙarshe
na lasa bakin fensirin Arzika,
na ja layin, hannuna na rawa,
ya fito a gicciye kamar nasa.

Yanzu rumfar na ƙamshin kaba.
Jiya mai albasa ta shigo, ta ɗaga kai,
ta shafa, ta duba tafinta,
ta ce canji zai zo ran kasuwa.
Na ce to.